Takardun da aka tsamo daga wuta: Darasi daga Zora Neale Hurston

A farkon shekarar 1960, a wani ƙaramin gari mai suna Fort Pierce da ke gaɓar teku a Jihar Fulorida ta ƙasar Amurka, aka sa a share wani gida da mazauniyarsa ta rasu. Kamar yadda aka saba a irin wannan aiki, sai aka fito da tarkacen da aka tarar a ciki, aka tara a waje, aka cinna masa wuta. Wani ɗan sanda baƙar fata mai suna Patrick DuVal, wanda ya san marigayiyar, ya zo wucewa ya hangi hayaƙi. Da ya matso ya ga abin da ake ƙonawa, sai ya jawo tiyon ban ruwa ya kashe wutar, ya tsame abin da ya saura. Tarin takardu ne, wasu gefensu ya babbake, wasu ruwan ya jiƙa su har tawada ta fara narkewa.

A yau waɗannan takardu suna ajiye a sashen adana muhimman rubuce-rubuce na ɗakin karatun Jami'ar Fulorida da ke garin Gainesville, manazarta na takowa daga nesa domin su duba su, ana ɗaga kowane shafi a hankali kamar ƙwai. Marigayiyar kuwa ita ce Zora Neale Hurston, wadda yanzu ake lissafawa cikin manyan marubutan da Amurka ta taɓa yi, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka fi kowa tattara adabin baka na baƙaƙen fatar kudancin ƙasar.

Ban karanta wannan labari a matsayin ɗan kallo ba, domin ya taɓo mini wani miki. Gwaggona, yayar mahaifina, malamar firamare ce. Shekara da shekaru tana rubuta waƙoƙin niƙa da na daɓe da na reno, da tatsuniyoyin da ta ji daga bakin tsofaffin garinmu, a cikin littattafan rubutu irin na 'yan makaranta. Da Allah Ya yi mata rasuwa, bayan sadakar arba'in aka buɗe ɗakinta. Zannuwa da tasoshi da keken ɗinki, kowanne ya sami mai shi. Littattafan nan kuwa babu wanda ya ce nasa ne. Aka ware waɗanda ke ɗauke da ayoyi da addu'o'i saboda alfarmarsu, sauran aka haɗa da shara aka ƙone a bayan gida. Ina tsaye aka yi, da digirina da komai, ban ce uffan ba. Don haka, mai karatu, in ka ga na tsawaita a kan wata Ba'amurkiya da ta rasu fiye da shekara 60 da suka wuce, ka yi mini uzuri. Bashi nake ƙoƙarin ragewa.

Yarinyar da ta tashi a barandar shago

An haifi Zora a ranar 7 ga Janairun 1891 a garin Notasulga na Jihar Alabama, amma tun tana ƙarama iyayenta suka koma Eatonville a Fulorida. Wannan gari, wanda aka kafa a hukumance a 1887, yana cikin garuruwan farko a Amurka da baƙaƙen fata suka gina kuma suke mulkin kansu da kansu. Mahaifinta mai wa'azi ne a coci, ya kuma riƙe muƙamin magajin garin. A tsakiyar garin akwai shagon wani mutum mai suna Joe Clarke, a barandarsa maza ke taruwa da yamma suna zuba labarai, kowa na ƙoƙarin ƙure ɗan uwansa. Su da kansu "ƙarairayi" suke kiran waɗannan labarai, abin da ke tuna mini yadda mai tatsuniya a wurinmu kan rufe zancensa da ambaton gizo da ƙarya. Idan aka aiki Zora shagon, sai ta yi ta jan ƙafa domin ta saci ji.

Mahaifiyarta ta rasu a 1904, daga nan rayuwa ta juya mata baya. Ta yi ta gararamba tsakanin gidajen dangi da aikatau, karatu ya tsaya. A 1917, tana da shekara 26, ta zabge shekara 10 daga shekarunta domin ta sami shiga makarantar sakandare kyauta a birnin Baltimore, kuma ba ta sake mayar da su ba har ta bar duniya. Daga nan ta shiga Jami'ar Howard a birnin Washinton, sannan a 1925 ta isa Niyok, a daidai lokacin da marubuta da mawaƙa baƙaƙen fata ke tashe a unguwar Harlem. Ta sami gurbi a Kwalejin Barnard, ita kaɗai ce baƙar fata a cikin ɗaliban, ta yi karatu a hannun Franz Boas, malamin da ake ɗauka uba ga ilimin nazarin al'adun ɗan Adam a Amurka.

Boas ne ya tura ta gida a 1927 ta tattaro tatsuniyoyin mutanenta. Tafiyar farko ba ta yi armashi ba, ita da kanta ta faɗi dalili a littafin tarihin rayuwarta, Dust Tracks on a Road, na 1942. Ta je wa mutane da Turancin kwaleji, tana tambayarsu ko sun san wasu tatsuniyoyi, su kuwa suka dube ta suka girgiza kai suka ce ba su taɓa jin irin wannan abu ba, ta gwada garin gaba. Duk ɗalibin da ya taɓa zuwa ƙauye da takardar tambayoyi a hannu ya san wannan kallo. Ta koma Niyok kusan hannu rabbana, amma ta koyi abin da aji bai koya mata ba: ba a tatsar labari daga mutane sai an zauna inda suke zama, an ci abin da suke ci, an yi magana da harshen da suke yi.

Da ta sake komowa, sai ta sauya salo. Ta shiga sansanonin ma'aikatan yankan katako da na haƙar ma'adinai a gundumar Polk, wuraren da baƙo ba ya shiga da wasa. Da ma'aikata suka ga motarta suka zaci 'yar leƙen asirin hukuma ce, sai ta ƙirƙiro labarin cewa ita ma gudun hukuma take yi saboda fataucin barasa, wadda a lokacin haramtacciya ce a dokar ƙasar. Suka karɓe ta. Ta shirya musu gasar zuba labari, ta koyi waƙoƙin da masu shimfiɗa layin dogo ke yi domin haɗa ƙarfi wajen ɗaga ƙarfe, ta gangara har birnin New Orleans ta zauna da bokaye tana nazarin tsibbace-tsibbacensu. Daga wannan yawo ne littafinta Mules and Men ya fito a 1935. A ciki akwai labaran bawan nan John da kullum ke yi wa ubangidansa wayo, da na zomo mai dabara, da na Shaiɗan da ɗan Adam kan ci da wayo. Wanda ya tashi da Gizo da Ƙoƙi ba zai ji baƙunta a cikinsu ba, domin duk inda mai ƙarfi ya danne marar ƙarfi, tatsuniya kan zama wurin da marar ƙarfin ke ramawa.

Sai dai akwai wata igiya a ƙafarta. Kuɗin wannan bincike daga aljihun wata attajira farar fata mai suna Charlotte Osgood Mason suka fito, dala 200 duk wata, bisa yarjejeniyar da suka sa wa hannu a ƙarshen 1927. Sharaɗin shi ne duk abin da Zora ta tattaro mallakin attajirar ne, ba ta da ikon buga shi sai da izininta. Tatsuniyoyin jikokin bayi, waɗanda jikanyar bayi ta sha rana ta tattaro, suka zama dukiyar wata mai kuɗi a Niyok. Wannan na cikin dalilan da suka sa aikin ya daɗe bai fito ba, wani kuma ya watse a hannuwa daban-daban.

Yadda tauraruwa ta dushe

A 1937 ta fitar da ƙagaggen labarinta mafi shahara, Their Eyes Were Watching God, wanda ta rubuta cikin mako 7 a ƙasar Haiti, inda ta je nazarin al'adu. Labarin wata mata ce mai suna Janie da aurenta uku, kuma mutanen cikinsa suna magana ne da karin harshen baƙaƙen fatar karkara, ba da daidaitaccen Turanci ba. Wannan ya jawo mata suka daga 'yan uwanta marubuta. Richard Wright, wanda daga baya ya zama fitaccen marubuci baƙar fata na zamaninsa, ya rubuta sharhi mai zafi yana zarginta da mayar da mutanenta abin dariya domin faranta wa Turawa rai. A ganin masu wannan ra'ayi, lokacin na adabin gwagwarmaya ne, ba na hirar baranda ba.

Kasuwa ta bi ra'ayin masu suka. Kason marubuci mafi tsoka da Zora ta taɓa karɓa a kan wani littafi nata bai kai dala 1,000 ba. A 1950 wata jarida ta gano ta tana aikatau a wani gida a Miami. Ta yi aikin ɗakin karatu, ta yi koyarwa ta wucin gadi, ta yi rubutu a wata ƙaramar jaridar baƙaƙen fata a Fort Pierce. Shanyewar ɓarin jiki ta same ta a 1959, aka kai ta gidan gajiyayyu na gunduma, a nan ta rasu ranar 28 ga Janairun 1960. Karo-karo aka yi aka yi mata jana'iza, aka binne ta a maƙabartar baƙaƙen fata ba tare da wata alama a kan kabarin ba. A lokacin babu littafinta ko ɗaya da ake bugawa. Abin tausayi, ita ce a 1945 ta rubuta wa babban malamin nan W.E.B. Du Bois wasiƙa tana ba da shawarar a kafa maƙabarta ta musamman domin fitattun baƙaƙen fata, don kada talauci ya sa kabarinsu ya ɓace a cikin ciyawa.

To, da wannan idon ya kamata mu dubi wanda ya cinna wutar nan. Ba mugu ba ne. Tsohuwa ce matalauciya ta mutu a gidan gajiyayyu, ta bar tarin takardu. Masana sun riga sun juya mata baya, masu buga littattafai sun daina amsa mata, wane ne shi da zai ga daraja a inda manya ba su gani ba? Hukuncin zamaninsa kawai ya zartar.

Mata biyu, ɗaki ɗaya

A wannan ɗakin karatu na Gainesville akwai takardun wata marubuciyar, Marjorie Kinnan Rawlings, kuma kwatanta yadda takardun matan biyu suka isa wurin darasi ne mai zaman kansa. Marjorie farar fata ce, haifaffiyar Washinton a 1896. A 1928 ta sayi gonar lemo a wani ƙauye mai suna Cross Creek a Fulorida, ta tare a can. Ita ma kunnenta ta buɗe. Ta zauna da talakawan Turawa mazauna daji, ta bi su farauta, ta rubuta yadda suke magana da abin da suke dafawa da camfe-camfensu da magungunansu na gargajiya. Littafinta The Yearling na 1938, labarin wani yaro da ɗan barewar da ya raina, ya ci lambar yabo ta Pulitzer a 1939. A 1942 ta fitar da Cross Creek a kan rayuwar ƙauyen, ta bi shi da littafin girke-girken yankin a wannan shekarar.

Ita ma ta ɗanɗana kuɗarta, amma ta wata fuskar. Wata ƙawarta da ta siffanta a cikin littafin da sunanta na gaskiya ta kai ta kotu tana neman diyyar dala 100,000 saboda keta mata sirri. Aka yi shekaru ana shari'a, a 1947 Kotun Ƙoli ta jihar ta ba mai ƙara gaskiya, amma a ƙarshe diyyar dala 1 kacal ta samu. Wannan shari'a gargaɗi ce ga duk mai ɗaukar alƙalami ya shiga rayuwar mutane: waɗanda kake rubutawa a kansu ba kayan tarihi ba ne, suna da mutunci, suna da 'ya'ya, kuma suna iya karanta abin da ka rubuta.

Matan biyu sun san juna, sun yi musayar wasiƙu, har Zora ta sadaukar da littafinta na 1948, Seraph on the Suwanee, ga Marjorie da wata matar. Amma da Marjorie ta rasu a 1953, takardunta ta ƙofar gaba suka shiga jami'a, bisa wasiyyar da ta bari: rubutun hannu, da gyare-gyare, da tarin wasiƙu, a tsare. Gidanta ma yanzu wurin tarihi ne da jihar ke kula da shi. Na Zora kuwa daga toka aka tsamo su, wata ƙawarta Marjorie Silver ta miƙa su ga jami'ar a 1961. A wannan shekarar, jami'ar ba ta ma fara karɓar baƙaƙen fata a karatun digirin farko ba, sai a 1962. Takardun Zora sun riga ɗaliban digirin farko daga cikin 'ya'yan mutanenta shiga wurin. Bambancin da ke tsakanin matan nan biyu ba na basira ba ne. Ɗaya tana da gida nata da lauya da wasiyya da jami'ar da ke maraba da ita, ɗaya kuwa ba ta da ko ɗaya daga ciki.

Abin da akwatuna suka riƙa amayarwa

A watan Agustan 1973, wata matashiyar marubuciya mai suna Alice Walker ta je Fort Pierce, ta kutsa cikin ciyawar da ta rufe maƙabartar, ta nemo inda ake kyautata zaton kabarin Zora ne, ta sayi dutse ta kafa da kuɗinta. A 1975 ta buga labarin wannan tafiya a mujallar Ms. A 1977 Robert Hemenway ya fitar da tarihin rayuwar Zora, a 1978 aka sake buga labarin Janie, wanda yanzu ake karantarwa a makarantu a faɗin Amurka. Zamani ya juya, sabbin alƙalai suka hau kujera, suka soke hukuncin na farko. Amma ɗaukaka ƙara ba ta yiwuwa sai da takardun shari'a, kuma a nan ne ɗakunan adana rubuce-rubuce suka nuna amfaninsu.

A 1997 aka gano wasannin kwaikwayo 10 da ta rubuta a Babban Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka. Ita ce ta aika da su can tsakanin 1925 da 1944 domin rijistar haƙƙin mallaka, akasarinsu ba a taɓa buga su ba, ma'aikata suka adana su kamar yadda doka ta ce, ba tare da sun damu da ko marubuciyar tana tashe ko ba ta yi. A wannan ɗakin karatu kuma akwai faya-fayan da aka naɗa a 1935, lokacin da ta yi yawon tattara waƙoƙi tare da Alan Lomax da Mary Elizabeth Barnicle, da na 1939 lokacin da take aiki da shirin gwamnatin tarayya na samar wa marubuta aikin yi. A cikin na 1939 ana jin muryarta ita kanta tana rera waƙoƙin leburori tana bayanin inda ta koyo su. An sa su a intanet, kowa na iya saurare.

A 2001 aka buga Every Tongue Got to Confess, tarin tatsuniyoyi kusan 500 da ta tattaro a ƙarshen shekarun 1920. Rubutun ya ɓace ne a cikin takardun wani masani na daban, William Duncan Strong, ya yi shekaru a Jami'ar Columbia, sannan aka kwashe su gaba ɗaya zuwa Cibiyar Smithsonian, babu wanda ya san yana ciki. Abin da ya cece shi kawai shi ne waɗanda suka gaji akwatunan ba su zubar da abin da ba su gane ba.

Wanda ya fi taɓa mu, mu mutanen Afirka ta Yamma, shi ne Barracoon. Amurka ta haramta shigo da bayi daga ƙetare tun 1808, amma a 1860 wani jirgin ruwa mai suna Clotilda ya saci hanya ya ɗebo mutum 110 daga tashar Ouidah da ke ƙasar Benin ta yanzu, ya sauke su kusa da Mobile a Alabama, sannan aka ƙone jirgin aka nutsar da shi domin ɓoye laifi. A cikinsu akwai wani saurayi Bayarabe mai suna Kossola, wanda dakarun Dahomey suka kama bayan sun afka wa garinsu, a Amurka aka riƙa kiransa Cudjo Lewis. Bayan an 'yanta su a 1865, shi da 'yan uwansa suka so komawa gida, kuɗin jirgi ya gagara, sai suka sayi fili suka kafa unguwarsu da ake kira Africatown. Zora ta fara ziyartarsa a 1927, ta sake komawa ta yi watanni tana zuwa gidansa da tsarabar kankana da 'ya'yan itatuwa. Wata rana ya yi magana, wata rana ya ce yau aikin lambu zai yi, wata rana kuka ya hana shi ƙarasawa. Ta kammala littafin a 1931, ta rubuta maganarsa yadda ta fito daga bakinsa. Masu buga littattafai suka nemi ta mayar da ita daidaitaccen Turanci, ta ƙi. Kossola ya rasu a 1935 bai ga littafin ba. Rubutun ya kwanta a cikin takardun Alain Locke a Jami'ar Howard, sai a 2018 aka buga shi, bayan shekara 87, ya shiga jerin littattafan da aka fi saye a ƙasar. A 2019 aka tabbatar da gano ɓaraguzan jirgin a cikin kogin Mobile.

Da ta yarda ta goge harshensa a 1931, wataƙila da ta sami ɗan abin kashewa, mu kuma da mun rasa muryar mutumin. Taurin kan da ya hana ta ciniki a jiya shi ne darajar littafin a yau.

Ga kuma wani abin da ya fi ba ni mamaki. An daɗe ana ɗauka Kossola ne na ƙarshe da ya rage cikin mutanen jirgin. Amma a wata wasiƙa da Zora ta aika wa mawaƙi Langston Hughes a 1928, ta ambaci cewa ta haɗu da wata tsohuwa a can cikin Alabama wadda ita ma a jirgin aka kawo ta. A jerin sunayen waɗanda suka ba ta tatsuniyoyi kuma, wanda ke ƙarshen rubutun nan da ya ɓace a Smithsonian, ta rubuta sunan matar, Sally Smith. Wata manazarciya a Ingila, Hannah Durkin, ta haɗa wannan da wasu hujjoji, a 2019 ta nuna cewa matar, wadda sunanta na gida Redoshi, ta rayu har 1937. Layi guda a wasiƙa, da suna guda a jerin sunaye, suka taimaka wajen dawo da mace guda cikin tarihi bayan shekara 90. Da Zora irin masu tattara labari ce da kan rubuta "wata tsohuwa ta ce" su wuce, da shi ke nan.

Har takardun da DuVal ya tsamo ba su gama magana ba. A cikinsu akwai wani dogon labari a kan Sarki Hirudus, wanda ta kwashe shekarunta na ƙarshe tana rubutawa, masu buga littattafai suka ƙi karɓa. A Janairun 2025 aka buga shi da sunan The Life of Herod the Great, bayan da Deborah Plant ta bi shafukan da wuta ta lasa ta tsara abin da ya tsira.

Kada a ɗauka ɗakin adana takardu gidan yabo ne. Abin da ke fito da alheri shi ke fito da aibi. Masu bincike sun gano cewa maƙalar farko da Zora ta buga a kan Kossola a 1927, kaso mai yawa daga cikinta ta kwaso ne daga littafin wata marubuciya, Emma Langdon Roche, na 1914, ba tare da ta ambace ta yadda ya kamata ba. Wasiƙunta ga attajirar nan cike suke da fadanci mai sa mai karatu ya sunkuyar da kai. Wasiƙun Marjorie ma suna nuna mace mai kokawa da wariyar launin fatar da ta tashi a ciki, wani lokaci ta yi nasara, wani lokaci wariyar ta kayar da ita. Ni a wurina wannan ƙarin daraja ce ga takardun. Suna ba mu mutum da tabonsa, ba gunkin da magoya baya suka sassaƙa ba.

In gemun ɗan uwanka ya kama wuta

Abin da na tsinta a wannan labari shi ne, babu zamanin da ya isa ya yanke hukuncin ƙarshe a kan abin da ya cancanci a ajiye. A 1960 duk wani mai hankali a Amurka zai iya rantsuwa cewa an gama da Zora. Waɗanda suka cece ta ba masu hangen nesa ba ne na musamman. Ɗan sanda ne da ya tsaya, da ƙawa da ta ɗauki kaya ta kai jami'a, da ma'aikatan rijista da suka yi aikinsu, da magadan da ba su zubar da akwati ba. Kowannensu ya jinkirta hukunci ne kawai, ya bar wa na baya dama.

Mu ma mun san wannan a gida. Waƙoƙin Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, sun iso mu ne saboda zuriyarta a Sakkwato, musamman gidan Waziri Junaidu, sun riƙe rubuce-rubucenta hannu bayan hannu, har Jean Boyd da Beverly Mack suka tattara su suka buga a 1997. Amma Nana 'yar babban gida ce, takardunta ta ƙofar gaba suka bi. Tambayar ita ce ina na sauran: malamar firamare mai littafin waƙoƙin niƙa, da marubuciyar littattafan soyayya da ke da buhun rubutun hannu a ƙarƙashin gado, da ma'aikaciyar rediyo da ta naɗi hirar tsofaffi a kaset. Irin waɗannan gara da danshi da ranar rabon gado ne ke yanke musu hukunci.

Ba sai mun jira gwamnati ta gina katafaren gini ba. Marubuciya ta faɗa wa iyalinta tun tana raye inda take so a kai takardunta, ta rubuta ta ajiye. Mai tattara tatsuniya ya rubuta sunan wadda ta ba shi, da garinsu, da ranar, da izininta, ya kuma bar maganar a karin harshen da aka yi ta, Sakkwatanci ne ko Katsinanci ko Damagaranci, kada ya goge ta da sunan gyara. Sassan nazarin harsunan Najeriya a jami'o'inmu su sanar da jama'a cewa suna karɓar irin waɗannan kaya, su ba da takardar shaida ga iyalin da suka kawo. Magada kuma, duk takardar da ba ku gane ba, ku ɗauki hotonta da waya, ku sa ta a akwatin ƙarfe, ku ɗaga ta daga ƙasa. Akwati ɗaya ba ya cika ɗaki.

Daga cikin littattafan gwaggona, guda ɗaya ya tsira, shi ma don wata jikarta ta ɗauka ne tana zane a bayan shafukansa. Shekarun baya na karɓo shi. Akwai waƙoƙin daɓe 6 a ciki da tatsuniyoyi 4, a ƙarƙashin kowacce ta rubuta sunan tsohuwar da ta ba ta da unguwarsu. Na bi unguwannin ina tambaya, ban sami mace ɗaya da ta iya ko ɗaya daga cikin waƙoƙin ba, domin siminti ya daɗe da kashe daɓe. Abin da ke cikin wannan littafi shi ne abin da ya rage. Sauran littattafan sun fi 20.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon riƙe amanar abin da suka bari.